Shin Musulunci da dimokuraɗiyya za su iya zama a ƙasa ɗaya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'a, kwanan nan muka yi musu da wani abokina a kan katin zaɓe. Shi cewa ya yi dimokuraɗiyya tsarin kafirci ce saboda ta ba mutane ikon yin doka alhali hukunci na Allah ne shi kaɗai, har ya ce duk ƙasar Musulmi da ta gwada ta ba ta wanye lafiya ba, ya kawo min misalin Masar da Aljeriya. Don Allah Malam da gaske Musulunci da dimokuraɗiyya ba za su taɓa zama a ƙasa ɗaya ba? In kuma za su iya, me yasa ƙasashen Musulmi da yawa sarakuna ne ko sojoji ke mulkinsu?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka ya ƙara basira. Wannan tambaya kusan duk shekara sai ɗalibai sun jefo min ita a ajin kimiyyar siyasa, kuma ina jin daɗinta domin wanda ya yi ta tsoron Allah ne ya sa shi yi. Abokinka magana biyu ya haɗa, ɗaya ta aƙida wato wa ke da ikon yin doka, ɗaya kuma ta tarihi wato me ya faru a ƙasashen da aka gwada. Amsata ita ce eh za su iya zama tare, kuma suna zaune tare yanzu haka a wasu ƙasashe, sai dai akwai wuraren da suke gogayya ta gaskiya waɗanda ba zan ɓoye maka ba, zan zo kansu.

Inda masu cewa kafirci ne suka samo hujja

Ba daga iska suka ɗauko ba. Suna kawo "inil hukmu illa lillah", wato babu hukunci sai na Allah, da ke Suratu Yusuf aya ta 40, da aya ta 44 ta Suratul Ma'ida a kan wanda bai yi hukunci da abin da Allah ya saukar ba. A zamaninmu waɗanda suka fi gina tunanin siyasa a kan waɗannan ayoyi su ne Maududi na Pakistan da Sayyid Ƙuɗub na Masar wanda gwamnatin Nasser ta rataye a 1966. A nan gida kuwa Muhammad Yusuf a Maiduguri da wannan ya fara, cewa aikin gwamnati da zaɓe da majalisa duk bautar ɗagutu ne, malamai irin su Sheikh Ja'afar Mahmud Adam suka yi ta yi masa raddi, mun kuma ga inda abin ya kai mu. Ba ina cewa duk mai wannan fahimta ɗan Boko Haram ba ne, a'a, akwai mutanen kirki masu tsantseni da suke kanta, amma ya kamata su san tsohuwar magana ce. Hawarijawa da ita suka fita daga rundunar Sayyidina Ali bayan yaƙin Siffin suna cewa babu hukunci sai na Allah, shi kuma ya ce musu kalmar gaskiya ce aka nufi ɓata da ita.

Abin da nake fahimta daga wannan amsa ta Sayyidina Ali shi ne, babu Musulmin da ke musun cewa halal da haram na Allah ne, amma nassi ba ya sauka ya zauna a kujerar alƙali ko ya raba kuɗin baitulmali, dole mutum ne zai karanta ya fahimta ya zartar, toh shi wannan mutumin wa ya ɗora shi, wa zai tambaye shi, in ya ci amana wa zai sauke shi? Nan ne maganar siyasa take. Sannan ka zauna ka duba abin da majalisa take yi a shekara, yawancinsa kasafin kuɗi ne da haraji da albashi da dokar hanya da ta magunguna da kafa makarantu, abubuwan da shari'a ta bar wa mutane su tsara bisa maslaha, kamar yadda Sayyidina Umar ya kafa diwani na rubuta sunayen sojoji da albashinsu, tsarin da Larabawa ba su san shi ba a da, kuma babu sahabin da ya ce ya yi shirka. Shi kansa Maududi jam'iyyarsa ta shiga zaɓe a Pakistan, har ma a zaɓen 1965 ta mara wa mace baya, Fatima Jinnah, a kan Janar Ayub Khan.

Giɓin da ke cikin tarihinmu

Nan nake so ka natsu sosai domin a ganina nan ne zuciyar maganar. Alƙur'ani ya yabi muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, a Suratush Shura aya ta 38, ya kuma umarci Annabi (SAW) da kansa ya yi shawara da su a Ali Imrana aya ta 159, kuma wannan ayar bayan Uhudu ta sauka, yaƙin da Annabi (SAW) ya so a tsaya cikin Madina amma ya bi ra'ayin masu cewa a fita, aka fita aka sha wuya, duk da haka Allah bai ce a daina shawara ba. Amma ba a ajiye mana hanya guda ta naɗa shugaba ba. Halifofi huɗu hanya huɗu: Abubakar an yi masa mubaya'a bayan muhawara a Saƙifa, Umar Abubakar ne ya ayyana shi bayan ya ji ta bakin manyan sahabbai, Usman kwamitin mutum shida ne ya fito da shi, inda Abdurrahman bin Auf ya yi ta zaga Madina yana jin ra'ayin mutane, Ali kuma an yi masa mubaya'a cikin rikici. Huɗubar Abubakar ta farko ai ka san ta, an ɗora ni a kanku ba don na fi ku ba, in na yi daidai ku taimake ni, in na karkace ku miƙar da ni.

Toh ta yaya za a miƙar da shi? Wannan ita ce tambayar da tarihin Musulmi bai samar mata tsari ba. Daga lokacin da Mu'awiya ya karɓar wa ɗansa Yazidu mubaya'a mulki ya koma gado, malaman fiƙihu kuma saboda tsoron zubar da jini, kuma tsoronsu yana kan hanya ganin abin da ya faru a Karbala, suka yarda cewa ko wanda ya ƙwaci mulki da ƙarfi a yi masa biyayya. Sai ya zama talaka yana da zaɓi biyu kacal a gaban azzalumin sarki, ko haƙuri ko takobi.

Mu ma a ƙasar Hausa haka ta faru. Shehu Usman Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya soki sarakunan Haɓe da cewa suna gadon mulki suna karɓarsa da ƙarfi ba tare da shawara ba, ƙaninsa Malam Abdullahi tun ana tsakiyar jihadi ya ga son duniya ya fara shiga har ya kama hanyar gabas, Kanawa suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki. Amma bayan tafiyarsu sarauta ta koma ta gidaje, kuma a 1893 da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu ɗan tsohon sarki Abdullahi Maje Karofi, suka ƙi, aka yi yaƙin basasa tsakanin Musulmi da Musulmi, jikokin Sarki Ibrahim Dabo da jikokin Sarki Ibrahim Dabo, har zuwa 1895. Dukkansu suna sallah, dukkansu sun yarda da shari'a, abin da suka rasa shi ne hanyar warware wa zai hau kujera ba tare da an kashe kowa ba. Zaɓe da wa'adin mulki da majalisa mai iya tsige shugaba da kotu mai zaman kanta, wannan giɓin suke cikewa, shi yasa ni ban ga dalilin da Musulmi zai tsane su ba don kawai daga Turai aka kawo sigarsu ta yanzu.

Ƙasashen da aka gwada

Abokinka ya kawo Aljeriya da Masar, toh mu duba wa ya karya alƙawari a can. A Aljeriya jam'iyyar masu kishin Musulunci ta FIS ce ta lashe zagayen farko a Disambar 1991, sojoji suka soke zaɓen a Janairun 1992, ƙasar ta faɗa yaƙin da ya ci rayuka sama da dubu ɗari. A Masar Muhammad Morsi ya ci zaɓe a 2012, Janar Sisi ya hamɓarar da shi ranar 3 ga Yulin 2013, aka kashe ɗaruruwan magoya bayansa a dandalin Rabi'a, shi kuma ya rasu a gaban kotu a 2019. Morsi ya yi kurakuransa na siyasa, amma a waɗannan wurare biyu masu addini ne suka je akwati, masu bindiga suka fasa akwatin. Tunisiya ma ka duba, jam'iyyar Nahda ta Rashid Ghannushi ta ci zaɓen 2011, ta haƙura da saka shari'a a kundin tsarin mulki don a zauna lafiya, ta ma sauka daga gwamnati da kanta a farkon 2014, wanda ya rufe majalisa a Yulin 2021 shugaba Kais Saied ne, malamin shari'ar boko, Ghannushi kuma tun 2023 yake tsare.

Sannan akwai ƙasashen da bai ambata ba. Indonesiya ita ce ƙasar da aka daɗe ana lissafawa ta fi kowace yawan Musulmi, mutanenta sun haura miliyan 270, tun faɗuwar Suharto a 1998 zaɓe suke yi mulki yana canza hannu, kuma shugaban da majalisarsu ta zaɓa a 1999, Abdurrahman Wahid, malami ne jikan malami, shugaban ƙungiyar Nahdatul Ulama da aka kafa tun 1926. Senegal kuwa da mu 'yan Tijjaniyya da ma waɗanda ba 'yan ɗariƙa ba muka sani saboda Kaulaha, fiye da kashi 90 cikin ɗari Musulmi ne, ba a taɓa juyin mulkin soja ba, shugabansu na farko Senghor Kirista ne ya yi shekara 20 da goyon bayan shehunnai. A 2000 Abdou Diouf ya faɗi ya miƙa wa Wade, a 2012 Wade ya nemi tazarce ya faɗi ya miƙa wa Macky Sall, a 2024 Sall ya ɗage zaɓe kotun tsarin mulki ta ce bai isa ba, aka yi zaɓe a watan Maris, Bassirou Diomaye Faye da bai fi kwana goma da fitowa daga kurkuku ba ya lashe. Malesiya ma a 2018 ƙawancen da ke mulki tun samun 'yanci a 1957 ya sha ƙasa a akwati.

Ɗaya ɓangaren shi ma dole a faɗe shi. Akwai waɗanda suka ɗauki sunan addini suka rufe ƙofa da shi. Omar al-Bashir a 1989 zaɓaɓɓiyar gwamnatin Sadiƙ al-Mahdi ya kifar da haɗin bakin Hassan Turabi, ya yi shekara 30 da sunan shari'a, yau ga halin da Sudan take ciki. Yahya Jammeh ya ayyana Gambiya jamhuriyar Musulunci a Disambar 2015, bayan shekara ɗaya Musulmin ƙasar suka kayar da shi a zaɓe, kuma ba Musulunci suka ƙi ba, zaluncinsa suka ƙi. Iran tana zaɓe amma majalisar mutum 12 ce ke tace wanda zai tsaya takara, jagoran addini kuma ba talakawa ke zaɓensa kai tsaye ba. Turkiyya kuwa Erdogan da ƙuri'a jam'iyyarsa ta hau a 2002 bayan sojoji sun daɗe suna taka masu addini, amma yau 'yan jarida da 'yan adawa ne ke shiga gidan yari.

Me yasa sarakuna da sojoji suka yi yawa? Dalilan na duniya ne. Ƙasar da ke da fetur kamar na yankin Gulf ba ta dogara da harajin talaka ba don haka ba ta jin dole ta saurare shi. Turawan mulkin mallaka sun tafi sun bar soja a matsayin hukumar da ta fi kowace ƙarfi. Manyan ƙasashe kuma sun sha fifita ɗan kama-karyar da zai yi musu biyayya, Amurka da Ingila ne suka kitsa kifar da firaminista Mossadegh a Iran a 1953 bayan ya mayar da fetur hannun ƙasa. Kuma juyin mulki ba ciwon Musulmi kaɗai ba ne, an yi a Chile a 1973, an yi a Myanmar a 2021, an yi a Gabon a 2023. A Nijar ma da aka tsare Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 shugaban dakarun da ke gadinsa ne ya yi, babu wanda ya kawo aya ko hadisi.

Namu na gida

Abin da ke ba ni mamaki da masu cewa zaɓe kafirci ne a Najeriya shi ne, shari'ar da muka yi ta murna da ita ta ina ta shigo? Ahmad Sani Yariman Bakura ƙuri'a ce ta kawo shi, majalisar dokokin Zamfara ce ta yi dokar, aka ƙaddamar a Gusau a Oktoban 1999, wasu jihohi 11 suka bi, duk a ƙarƙashin kundin tsarin mulkin 1999, a zamanin soja ba a yi hakan ba. A Kano a 2003 maganar aiwatar da shari'a tana cikin manyan abubuwan da aka yi kamfen da su har Malam Shekarau ya kayar da gwamna mai ci. Amma kuma ka tuna hannun da aka fara yankewa a 2000 na Buba Jangebe ne a kan satar saniya, gwamna kuwa sashe na 308 na kundin tsarin mulki ya ba shi kariya ba a gurfanar da shi yana kan kujera komai yawan abin da ya ɗiba. Wannan yana ci min rai har yau, domin shari'ar da ta tsaya a kan talaka ta tsallake mai mulki ba ita Annabi (SAW) ya nufa ba da ya ce ko Fatima ce ta yi sata zai yanke hannunta.

Na yi aikin tattara sakamakon zaɓe kamar yadda ake ɗaukar malaman jami'a, abin da na gani a rumfuna shi ya ƙara tabbatar min cewa matsalarmu ba yawan addini ba ce a siyasa, ƙarancinsa ne a inda ake buƙatarsa. Mata sun yi layi tun da sassafe cikin rana da goyo, a bayan katanga ana raba taliya da sabulu da 'yar dubu ɗaya ko biyu, wakilin jam'iyya da ya fito daga sallar azahar yanzun nan shi ne zai matso ya ce Malam a ɗan gyara lissafin nan. Toh sayen ƙuri'a ai rashawa ce, canza sakamako shaidar zur ce kuma cin amana, tura yara da makamai su fasa akwati fasadi ne a bayan ƙasa, duk Musulunci ya haramta su tun kafin a san wani abu dokar zaɓe. Da malamanmu za su dage a kan waɗannan kamar yadda suke dagewa a kan saɓanin ƙabalu da sadalu da an ga canji. Sai dai wasu sun zama 'yan kamfen a kan mumbari, a ba su mota da kujerar Makka su ce wane ne ɗan takarar Musulunci, in ya hau ya yi ɓarna bakinsu ya mutu. A Senegal a 1988 Halifan Muridiyya ya umarci mabiya su zaɓi Diouf, amma zuwa 2000 manyan shehunnai sun ja baya daga irin wannan umarni, kuma darajarsu ba ta ragu ba.

Inda gizo ke saƙar

Yanzu ga gogayyar da na ce maka. In ana nufin dimokuraɗiyya ita ce duk abin da rinjaye ya so ya zama daidai ko da halatta abin da Allah ya haramta ne, Musulmi ba zai yarda da wannan a zuciyarsa ba, ni ma ban yarda ba. Amma babu ƙasar da rinjaye ke da iko marar iyaka, ko'ina akwai kundin da ya ɗaure majalisa, shi yasa ƙasashe irin su Masar suka rubuta cewa ƙa'idojin shari'a su ne babban tushen doka, Pakistan kuma ta kafa kotun shari'a ta tarayya a 1980 mai duba ko doka ta saɓa wa Musulunci. Matsalar ita ce wa zai riƙe wannan fassarar, in ka damƙa ta ga wasu 'yan tsiraru da ba mai iya sauke su ka koma gidan jiya, mu da Izala da ɗariƙa da Shi'a ba mu haɗu a kan limamin idi ba, wanne za a ba wuƙa da nama?

Na biyu haƙƙin wanda ba Musulmi ba da wanda ya saɓa wa rinjaye. Tsohon fiƙihu ya yi maganar zimma da jizya, wato wanda ba Musulmi ba ya zauna ƙarƙashin kariyar daular Musulunci yana biyan haraji na musamman, ƙasar zamani kuma tana maganar ɗan ƙasa daidai da ɗan ƙasa, malamai da dama sun koma ga yarjejeniyar Madina don kafa hujja da wannan, kamar taron malamai da aka yi a Marrakesh ta Maroko a 2016, amma ba kowa ya karɓa ba. Hukuncin ridda da ɓatanci nan ne abin ya fi zafi, ko a Indonesiya an ɗaure gwamnan Jakarta Kirista shekara biyu a 2017 a kan zargin ɓatanci, a Sudan Numeiri ya rataye Mahmud Muhammad Taha a 1985 da sunan ridda alhali adawar siyasa ce a ƙasa. Abin da zan tsaya a kai ba tare da shakka ba shi ne ɗaukar doka a hannu, taron jama'a su kashe mutum a titi ba alƙali ba shaida, wannan ba shari'a ba ce ba kuma dimokuraɗiyya ba ce, kuma a ƙasa irin Najeriya da Musulmin Kudu yake zaune a cikin rinjayen wasu, duk haƙƙin da muka hana maƙwabcinmu a Kano mun ba da hujjar a hana ɗan'uwanmu a Fatakwal. Shugabancin mace ma ana saɓani saboda hadisin Abu Bakra da ya ce mutanen da suka ɗora mace a kan al'amarinsu ba za su rabauta ba, duk da cewa Pakistan da Bangladesh da Indonesiya duk mata sun shugabance su.

Ni fannina siyasa ce da tarihinta, ba mufti ba ne ni, don haka abin da na ba ka fahimtar mai nazari ce. Game da katin zaɓe dai mafi yawan malamanmu na kowane ɓangare sun tafi a kan a yanka a kuma fita a yi zaɓe, marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya yi ta kiran Musulmi maza da mata su yi rajista tun lokacin da wasu ke ganin fitar mace rumfar zaɓe abin kunya ne, hujjarsu kuma ita ce ƙauracewa ba ta hana a naɗa maka shugaba, sai dai ta bar wa wasu su zaɓa maka. Amma mas'aloli irin su rantsuwa da kundin tsarin mulki, ko zama alƙali a kotun da ba ta shari'a ba, ko ɗan majalisa Musulmi da aka kawo kudirin da ya saɓa wa nassi ya zai yi, waɗannan ku ɗauka kai da abokin naka ku kai wa malamin fiƙihu da kuka amince da iliminsa kuma ba ya cin abinci a gidan gwamnati, ku zauna ya warware muku su ɗaya bayan ɗaya.